Wuƙa Na Rawa a Kube: Ina Ciwon Yake, Yaya Ake Gyara?

(Kiɗan buɗe shiri)

Muna gaida mutanen Manga da Ushe, da na Dabai, Rikoto, Senchi da Tadurga, har zuwa Ribah da Mahuta da Dirin Daji, da duk inda muryar nan ta iske ku, a gona ne ko a kasuwa ko a gindin bishiya ana shan iska. Iyayenmu maharba, sannunku da daji. Mahauta, sannunku da fama. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, ku ma kada ku kashe rediyo, don wuƙar da ake ratayewa a bayan ƙyaure ku kuka fi kowa sanin yaron da ke iya miƙa hannu ya kai gare ta.

Yau maganar kube za mu yi. Ku ɗan kasa kunne ku ji wannan.

(Ana girgiza wuƙa a cikin kube kusa da makirufo: ƙwas, ƙwas, ƙwas)

Duk mai rataya wuƙa ya san wannan ƙara. Wuƙa ce ke rawa a cikin kubenta. Yawancinmu idan muka ji, sai mu ce ai kube ya tsufa, mu ci gaba da tafiya. To, kowace ƙwas ɗaya da kuka ji, kaifi ne ko tsini ya bugi wani abu a ciki. Idan ƙusa ya buga, kaifin ya dakushe, gobe ka koma dutse ka sake wasawa. Idan zaren ɗinki ya buga, yana yanka shi ne sannu a hankali, har ranar da za ka sunkuya kana yankan dawa, tsinin ya ɓullo ta ƙasa. Kuma wuƙar da ake sokewa a ƙugu, cinya take kallo. A cikin cinya akwai babbar jijiyar jini wadda idan ta yanke, kafin a samo abin hawa zuwa asibitin Zuru an shiga wani hali. Wanda ya taɓa hawa kabu-kabu a hanyoyinmu masu duwatsu ya san irin jijjigar da ake sha. Wuƙar da ta yi sako-sako tana iya tsalle ta fita ba ka ji ba, ko ta faɗi a hanya ta ɓace, ko ta faɗa wa wanda ka goyo.

Shi kuwa Baba maharbi, nasa ciwon daban ne. Ya yi sanɗa tun asuba, ya bi iska yadda ya kamata, ya matso kusa da gada ko zabin daji, sai ƙugunsa ya yi magana kafin shi. Naman daji ba ya jiran ƙara ta biyu.

Abin da nake so kowa ya riƙe a shirin yau guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. Kube na ƙwarai a wuya yake riƙe wuƙa, wato daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙota, sannan ya ɗan dafa ta a kumatunta biyu masu faɗi. Kaifi kuwa ba a riƙe shi. Ana barinsa ya kwanta a ciki ba ya gugar komai mai tauri. Ku dubi takalmi sau-ciki: a dunduniya yake kama ƙafa, ya bar yatsu su sake, kuma idan ya yi maka yawa, cusa tsumma a bakinsa ba ya hana shi saluɓewa, sai dai ya matse maka yatsu. Haka kube yake. Mafi yawan gyaran da ake yi ana ɓata shi ne saboda an je an matse wurin da bai kamata a matse ba.

Kafin ka taɓa komai, nemi inda ƙarar take fitowa. Zare wuƙar, ka riƙe ƙotar, ka girgiza ta ita kaɗai a waje. Sau da yawa kuben ba shi da laifi, ƙota ce ta saki ƙarfe. Wannan ya fi faruwa da hunturu, lokacin da iska ta busar da itace ya tsuke, ramin da wutsiyar ƙarfen ta shiga ya buɗe. Idan haka ne, aikin maƙeri ne: ya sake dasa ta, ya ɗaure bakin ƙotar da zoben ƙarfe, ko a cika ramin da gam mai haɗi biyu. Idan wuƙar lafiya lau take, mai da ita kube, ka riƙe kuben da hannu ɗaya, ka motsa ƙotar da ɗayan. Sama da ƙasa take yi? Wuya ne ya saki. Gaba da baya take yi, daga gefen kaifi zuwa gefen baya? Kuben ya fi ƙarfen faɗi. Idan kuwa tana buga kumatu hagu da dama, cikin kuben ne ya buɗe ya yi rami. Wani lokaci ma duk ba wannan ba, madaurin da ke riƙe kuben a ɗamara ne ya yi tsawo, kuben gaba ɗaya ke lilo yana dukan ƙugu. Wannan ɗinki biyu ya ishe shi.

Me ke sa kuben da aka saya daram ya koma haka? Mu a nan kudancin Kebbi daminarmu ta fi ta Birnin Kebbi da Argungu nauyi da tsawo. Fata ta sha ruwan sama, ta sha gumi, ta yi laushi, ana zare wuƙa ana mayarwa tana miƙewa, ta bushe a buɗe. Hunturu ya zo ya ƙafe ta a haka. Shekara biyu, uku, baki ya zama na kowa. Sannan akwai abin da mutane ke mantawa: wuƙar ma tana ramewa. Maƙeranmu da yawa da tsohon sifirin na mota suke ƙira, ƙarfe mai kyau, mai karɓar washi. Amma duk washin da ka yi, ƙarfe ka ci. Mahaucin da ke wasa wuƙa safe da yamma, bayan 'yan shekaru wuƙar da ta kai faɗin yatsu uku ta koma biyu, kuben kuwa yana nan yadda aka ɗinka shi. Sai kuma halinmu na sayen wuƙa a rumfa ɗaya, kube a wata rumfa, a gwada sau ɗaya a tsaye a ce ai ta shiga. Shiga daban, zama daban.

To, ga abin da nake roƙonku ku daina. Cusa tsumma, ko auduga, ko takarda, ko leda a cikin kube. Na san yana kashe ƙarar nan take, shi ya sa kowa ke yi. Amma tsumma yana shan ruwa ya riƙe. Ya sha jinin nama, ya sha ruwan rogo, ya sha raɓa, sannan ya kwana rungume da ƙarfe. Ƙarfen sifirin kuwa ba ya haƙuri da laima, kwana kaɗan tsatsa ta kama shi. Tsumman nan kuma yana tara yashi, duk shiga da fita yashin na gurzar kaifi. Ƙari a kan haka, abin da ka cusa yana gangarawa ƙasa ya dunƙule, ya tokare tsinin, wuƙar ta kasa shiga har wuya. Ka kashe ƙara, ka bar ɗan yatsa guda na kaifi a waje, daidai inda hannu ke kaiwa a cikin duhu. Ga mahauci ma abin ya wuce maganar tsatsa, don tsumman da jini ya jiƙa ya ruɓe a cikin kube, gobe wuƙar ta fito daga cikinsa ta hau naman da mutane za su ci.

Haka nan buga ƙusa a gefen kube don a rage faɗi. Kaifi ya samu abokin karo ke nan har abada.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna maganar gyaran kuben da ya saki wuƙa. Mu fara da na fata, don shi ya fi yawa a hannunmu.

Ba kowace fata ke karɓar gyara ba, don haka sai ka san wadda ke hannunka. Akwai jimar gargajiya, wadda majema ke yi da 'ya'yan bagaruwa. Ita ce jimar da ta kai sunan ƙasar nan nesa: fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano da Sakkwato, fatake suka ratsa Sahara da ita, Turawa suka saya daga hannun mutanen Maroko, suka laƙaba mata sunan Maroko. Sai kuma jimar kamfani da ake yi da gishirin wani ƙarfe da ake kira kurom, wadda wani mutum mai suna Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1884, kuma yau ita ce mafi yawan fatar takalma da jakunkuna a duniya. Bambancinsu a wurinmu shi ne wannan: fatar bagaruwa idan ta jiƙe tana bin duk siffar da ka ba ta, idan ta bushe ta tsaya a nan. Fatar kamfani kuwa ko ka jiƙa ka matsa, tana komawa yadda take.

Gane su ba wuya. Ɗiga ruwa a wurin da ba a shafa wa mai ba. Idan fatar ta shanye ta yi duhu, ta bagaruwa ce. Ko ka dubi bakin yanka: ta bagaruwa ruwan ƙasa ce har ciki, ta kamfani kuwa tsakiyarta toka-toka ce mai ɗan shuɗi.

Idan ta bagaruwa ce, kuma ɗinkinta bai yanke ba, ka yi sa'a, don ruwa kaɗai zai yi maka rabin aikin. Ga yadda ake yi, kuma ku bi ni a hankali.

Fara da zazzage kuben. Kife shi ka bubbuga, ka sa siririn kara ka sosa ciki, za ka sha mamakin yashi da ƙaiƙayin da za su zubo. Sannan ka shafa wa ƙarfen wuƙar mai, ka naɗe shi da leda siririya, zagaye ɗaya ko biyu kawai, har da wuyan ƙotar. Ledar nan tana da dalili. Ruwan bagaruwa idan ya gamu da ƙarfe baƙi yake yi. Da wannan hikimar ce ma dukawa ke haɗa baƙin rini, su jiƙa kashin maƙera su zana wa fata ado. Idan ka soka wuƙa tsirara a jiƙaƙƙen kube, da safe za ka iske fatar ta yi baƙin tabo, ƙarfen kuma ya fara tsatsa. Amma kada ka labta ledar, don duk kaurin da ka ƙara, shi ne sararin da za ka bari a ciki bayan ka cire ta.

Sai ruwa. Mai ɗumi, wanda za ka iya tsoma hannu ka bar shi a ciki ba ka janye ba. Ban da tafasasshe. Fatar bagaruwa idan zafi ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Salsiyas takan ƙanƙance ta yi tauri, kuma ba ta dawowa. Wasu na yin haka da gangan don su taurara fata, amma aikin gwanaye ne, wanda bai iya ba zai wayi gari da kube ya murɗe, wuƙa ba ta ko shiga. Tsoma kuben na ɗan lokaci, minti ɗaya ko ƙasa da haka, har ka ji ya yi laushi a hannu. Ciro shi ka ajiye a inuwa ya tsane, har launinsa ya fara komawa amma yana da sanyi idan ka taɓa. A wannan gaɓar fata ta fi jin magana.

Yanzu soka wuƙar har wuya. Sa manyan yatsunka biyu ka riƙa danna fatar kana bin jikin ƙarfen, daga tsakiya zuwa gefe. Ɗauki bayan cokali, ko guntun ƙaho mai santsi, ka goga a layin bayan wuƙa har siffarta ta fito a waje. Amma inda za ka daɗe shi ne wuya. Idan kubenka irin mai zurfi ne da ke haɗiye wani sashe na ƙota, nemi wurin da ƙotar ta yi tudu, ka danna fatar ta kwanta a bayan tudun nan, ta yi masa ƙugiya. Wannan ɗan lotsawar ita ce makullin kube. Ita ke sa ka ji wuƙa ta ce ƙyas idan ta zauna. Ka yanke farce kafin ka fara, don jiƙaƙƙiyar fata ba ta manta tabo, kuma ka lura da inda kaifi yake, kada ka danna da ƙarfi a kansa.

Idan ka gama, naɗe wuyan da zirin tsumma mai faɗi, ba igiya ba, igiya tana barin sawu. Ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ban da rana, ban da bakin murhu. Bayan 'yan awoyi, idan fatar ta fara tsayawa, zare wuƙar a hankali, ka goge ta, ka bar kuben ya ƙarasa bushewa shi kaɗai. Da hunturu kwana ɗaya ya isa. A tsakiyar damina, watan Agusta, ba shi kwana biyu ko uku, kuma ka riƙa dubawa kada ya yi fumfuna.

Da ya bushe sai a ciyar da shi, amma da hannu mai tsantseni. Man kaɗe muna da shi a yalwace a ƙasar nan, ɗan kaɗan a yatsa ya isa, a waje kawai. Wanda ya fi shi ga kube shi ne kakin zuma, don yana hana ruwa shiga kuma yana ƙara wa fata tsayuwa. Yana narkewa a zafi kaɗan, wajen digiri 63, saboda haka idan ka goga shi ka ɗan ɗumama kuben zai shige. Abin da na ga yana kashe kube a hannun mutane shi ne yawan mai. A yi ta labta masa man gyaɗa har ya yi laɓo-laɓo, ya daina riƙe komai, ga wari, ga kiyashi da ɓera. Baƙin man inji kuwa kada ya kusanci kuben wuƙar da ke taɓa abinci.

To idan ruwa bai isa ba fa, ko fatar ta kamfani ce, ko wuƙar ta rame da yawa? Sai ƙari. Yanko zirin fata mai faɗin yatsa ɗaya, tsawonsa kamar gaɓa biyu ta yatsa. Fefe bakinsa na ƙasa ya yi siriri, don kada tsinin wuƙa ya ture shi idan tana shiga. Kankare cikin bakin kuben a gefen da ke kwanciya a jikinka, ka shafa gam irin na masu gyaran takalmi a fuska biyun, ka jira ya sha iska, ka manna. Gefen mai santsi shi zai kalli ƙarfe. Ɗaya za ka fara sawa ka gwada. Idan bai isa ba, ka sa na biyu a ɗaya kumatun. Idan kana da allura da zare, kama kansa da ɗinki biyu, don gam shi kaɗai ba ya jure gumi da zafin bazara. Tsohon kunnen takalmi ko guntun ɗamara duk suna yin wannan aiki.

Akwai kuma gyaran gaggawa na daji. Yanko zobe daga tsohuwar robar cikin tayar keke, ka zura a wuyan kuben daga waje. Zai kai ka gida, zai ma iya kai ka ƙarshen kaka. Amma rana tana cin roba, wata rana za ta tsinke ba sallama.

Wanda ɗinkinsa ya yanke, ko faɗinsa ya wuce misali, wannan sai an farke. A nan ne ake gane badukun da ya san aikinsa. Ɗauki kubenka ka dubi gefen da kaifi ke kwanciya. Fata biyu kake gani an haɗa, ko uku? Idan biyu ce, kaifi na kallon zare kai tsaye, kuma ko ba jima ko ba daɗe zai yanke shi. Kuben kirki yana da ziri na uku a tsakiya, fata mai kauri da aka ɗinke tare, ita kaifi ke kwantawa a kai. Idan za a sake ɗinki, a kwantar da wuƙar a kan fatar, a zana siffarta ta yau, ba ta ranar da aka ƙera ta ba, a bar ɗan sarari kaɗan, a sa zirin nan, a huda da basilla, a ɗinka da zare mai ƙarfi da aka goga wa kaki. A bar ƙaramar ƙofa a can ƙasa don ruwa da yashi su samu mafita. Jikin kube kuma kirgi yake so, fatar sa mai kaurin milimita uku ko fiye. Jar fatar akuya, duk da kyanta, riga ce ake sa wa kube a waje. Da yawa daga masu kyan gani da ake sayarwa don ado, idan ka farke, kwali za ka tarar a ciki, kuma kwali damina ɗaya yake gani.

(Gajeren kiɗa)

Mu koma kan kuben itace, wanda ake fafe fallen itace biyu a haɗa, a lulluɓe da fata. Ana yawan ganinsa a manyan wuƙaƙe da takubba. Shi ba a jiƙa shi. Gyaransa a baki yake: siririn ɓawon itace mai laushi, ko fallen gora da aka kankare, a manna a cikin bakin. Mutanen Japan, waɗanda suka shahara da takobi, kubensu na itace ne, kuma idan bakinsa ya saki haka suke yi, su manna ɗan fallen itace su kankare har takobin ya zauna. Don ka san inda ya kamata ka rage, shafa alli ko gawayi a wuyan wuƙar ka soka ka zare, duk inda ya bar shaida nan ne yake taɓawa. Da fasasshiyar kwalba ko bakin wata wuƙa za ka kankare. Ka guji samfefa a cikin kube, don tsakuwoyinta na maƙalewa a itace su yi ta karce ƙarfe.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Itace yana numfashi da yanayi. Idan ka yi wannan gyara a watan Janairu, lokacin da komai ya bushe ƙayau, ka matse shi tam, to ka jira Yuli. Itacen zai sha laima ya kumbura, ya cije wuƙar, ka ja da ƙarfi, ta fizgo gaba ɗaya. Sau da yawa yankan tafin hannu a nan yake faruwa, hannun hagu na riƙe da bakin kube. Don haka mai gyara da hunturu ya bar ɗan sassauci, mai gyara da damina ya ɗan ƙara matsewa.

Samari kuma yanzu na ga sun koma kuben roba. Wasu na sayen wuƙaƙen waje masu zuwa da nasu, wasu na gasa bututun ruwa su danne shi ya zama kube. Ba na raina wannan dabara, don roba ba ta shan jini, ana wanke ta, mahauci ma ta fi masa tsabta. Amma ita ta fi kowane kube surutu. Na waje masu tsada ana yinsu da wata roba mai suna Kydex, wadda kamfanin Rohm and Haas na Amurka ya fito da ita a 1965. Wasu suna da noti a kusa da baki, idan ka ɗan ƙara ɗaure shi magana ta ƙare, don haka duba wannan tukuna. Idan babu, zafi ne maganinta, ita da bututun duka. Zare wuƙar, ka ɗumama wuyan kuben kawai, a saman garwashin da ba ya ci da harshe, daga nesa, kana juyawa, ko ka tsoma bakin bututun a tafasasshen ruwa. Da ka ji ya fara laushi, soka wuƙar, ka sa tsumma mai kauri a hannu ka matse wuyan har ya huce. Kaɗan-kaɗan ake yi, a gwada, a sake. A waje za ka yi wannan aiki, kuma idan ka ga robar ta fara baƙi ko hayaƙi, janye ta, hayaƙin bututun nan guba ne ga ƙirji da ido.

Duk irin gyaran da ka yi, ga jarrabawarsa. Je wurin yashi, ka tsaya ƙafafunka a baya, babu yaro a kusa. Kife kuben, ƙota na kallon ƙasa, ka girgiza a hankali. Bai kamata wuƙar ta faɗo ba. Sannan ka rataya shi yadda ka saba, ka kama ƙota, ka tokare bakin kube da babban yatsa ka tura. Ya kamata ta fito da hannu ɗaya, ba fizga. Idan ta ci ta farko ta faɗi ta biyu, ka matse da yawa, koma ka rage. Wuƙa mai nauyin ƙota kuwa, wadda ko yaya aka yi sai ta zame, a ƙara mata ɗan madauri na fata da zai zagaye ƙotar, a ɗinka shi ta gefen baya inda kaifi ba zai bi ta kansa ba wajen fita.

Iyayenmu masu wuƙar layya, wadda ake fito da ita sau ɗaya a shekara, kada a ajiye ta wata goma sha ɗaya a cikin kuben fata. Fata na jan laima daga iska ta miƙa wa ƙarfe. A wanke, a busar, a shafa mai, a naɗe ta daban, a ajiye kuben kusa da ita, a sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Wanda kuma ya yanke a wurin wannan aiki, ya wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ya danne da ƙyalle mai tsabta, idan yankan ya yi zurfi ya je asibiti a duba, a yi masa allurar tetanus in ana bukata. Ban da zuba ƙasa ko toka.

Idan kuma aikin ya fi ƙarfinka za ka kai wa baduku, tafi da wuƙar, kada ka kai masa kube kaɗai ko ka gwada masa tsawo da kara. Amma kun san halin da ƙasarmu ke ciki, jami'an tsaro na kan hanya, kuma suna da hujjar tambaya. Naɗe ta da kyau ka sa a cikin buhu ko jaka, ba a ƙugu ba, idan an tambaye ka ka faɗi inda za ka da ita. Da ka isa, ce masa ya sa maka fata ta uku a gefen kaifi, ya matse wuya, ya bar ƙofa a ƙasa, kuma ka yi gwajin kifewa a gabansa kafin ka biya.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ya aiko, za mu karanta a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)